Zuwa ga malaman koyar da tuƙi na Legas: hannun da kuke sawa shaida ce

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ɗalibanku. Ni tsohon direba ne, mazaunin Agege. A bayan gingimari na shigo Ikko ina yaron mota, tun kafin a kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, tun ba a buɗe gadar Third Mainland ba. Na yi shekaru ina jan kayan gwari zuwa Mile 12, daga baya na koma ƙaramar mota a wani kamfani. Yanzu ido ya fara yi mini gardama, na ajiye makulli, sai zaman benci da kallon titi.

Da ku nake, ku masu zama a kujerar gefe kuna koya wa mutane tuƙi: na makarantu masu rajista, da masu koyarwa a filin firamare ranar Lahadi da motar aro, da iyayen gida na gareji masu ɗora yaransu a kan sitiyarin tirela. Da Hausa na rubuto domin da ita nake tunani, kuma 'yan Arewa sun fara yawa a sana'ar nan. Wanda ya karanta ya daure ya juya wa abokan aikinsa Yarbawa da Ibo. Ba faɗa na zo yi ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata Lahadi bayan la'asar ina zaune wajen mai shayi, ba nisa da gadar Pen Cinema, sai ga motar koyo da jan harafin L gaba da baya, an rangaɗa sunan makaranta a jikinta. Ba zan faɗi sunan ba. Na gane mai tuƙin, yaron unguwarmu ne, ɗan acaɓa ne a da. Gabansu ya ɗan cushe, wurin juyawa kuma yana can gaba. Sai na ga malamin ya miƙo hannu ya kama sitiyari, ya karkata motar zuwa hannun masu tahowa. Wani mai keke Marwa ya kauce yana zagi. Wata mata mai goyo, da ta duba ɓangaren da ya kamata mota ta fito kawai, da kyar ta ja da baya. Suka shige lungu abinsu.

Bayan magariba yaron ya same ni a ƙofar masallaci, baki har kunne. Ya ce, "Baba, yau oga ya nuna mini yadda ake yanke." Na ce me ya ce maka? Ya ce, "Cewa ya yi in shiga kawai, yau Lahadi, babu 'yan Lastma." Wato jami'an kula da zirga-zirgar motoci na jihar Legas, masu rawayar riga.

Ban yi barci da wuri ba a daren. Dokar sufuri ta Legas ta 2018 ta tsananta a kan wan-we, wato bin hannun masu tahowa, har mota ake ƙwacewa, kuma da yawanmu mun ga hotunan gwanjon da aka yi a Alausa a watan Satumban 2022, motoci 134, masu su suna tsaye suna kuka ana cinikin abin neman abincinsu a gabansu. Amma dalilin da malamin ya bayar ya fi gwanjon damuna. Da 'yan kalmomin nan ya koya wa yaron cewa doka mutum ce mai rawayar riga, in tana tsaye a bi ta, in ta tafi hutu a yi abin da aka ga dama. Duk alamomin hanyar da aka zana masa a aji, darasin nan na minti ɗaya ya shafe su. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da hannunku da ƙafarku suka yi a gaban ɗalibi shi yake haddacewa. In kun amsa waya mota na tafiya, ya koya. In kun rataya bel a kafaɗa ba ku maƙala ba, don dai a hango shi daga nesa, ya koya. In kun leƙa taga kun zagi uwar wani, wannan ma ya shiga cikin karatu.

Ba zan ce zamaninmu ya fi naku ba. A lokacinmu ma an kashe mutane da ganganci, kuma makarantarmu mari ce da zagi. Amma maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi mini abu guda da ban taɓa mantawa ba. Na fi wata shida ina bin sa ban taɓa sitiyari ba, sai wanki, da duba ruwa da baƙin mai, da bugun tayoyi da ƙarfe ana sauraron ƙararsu, da sa weji in an tsaya a gangara. Ranar da zai fara ɗora ni muna wata tasha, mota a kashe. Ya ce in hau in zauna in rufe ido. Na ji yana kiran yara masu talla. Can ya ce, "Buɗe. Duba gaba, duba madubin hagu, duba na dama. Mutum nawa ka gani?" Na duba da kyau na ce babu kowa. Ya ce in sauko. Na sauko na tarar da yara huɗu tsugune a gaban bamba, wata yarinya a gindin ƙofar dama da farantin gyaɗa a ka, wani da kekensa daidai tayar tsakiya. Ya kama kunnena ya ce, "Shida ka kashe yanzu, ko giya ba ka sa ba." Ya saye gyaɗar yarinyar ya raba musu.

Daga ranar ban sake tayar da babbar mota ba sai na zagaya ta da ƙafa. Darasin nan ko lita ɗaya ta mai bai ci ba. Nawa ne a cikinku suka taɓa kai ɗalibi gindin tirela a Apapa ko Ijora, suka roƙi direban ya bar shi ya hau ya ga abin da ba a gani daga can sama? Wanda ya taɓa hawa ba zai sake cusa hancin ƙaramar motarsa a damar tanka tana shirin shan kwana ba.

Ku dubi su wane ne ɗalibanku na yanzu. Tun da gwamnati ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, ta kuma ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Somolu da Kosofe a watan Satumba, samarinmu suka watse. Wasu sun koma gida, wasu sun kama dako da gadi, da yawa kuma sun nufo ku, suna son tuƙin gida ko motar kai kaya ko Bolt da Uber. Kuna jin daɗinsu don ba sa tsoron titi, kwana biyu sun fara tafiya. To nan gizo ke saƙa. Wanda bai taɓa tuƙa komai ba sabon allo ne. Ɗan acaɓa kuwa allo ne da aka cika da rubutu, sai an wanke kafin a ɗora wani.

Jikinsa ya saba da abin hawa mai faɗin kafaɗarsa, duk inda kansa ya shiga ya yi imani sauran ma za su shige, alhali yanzu yana cikin abu mai faɗin kusan mita biyu. Ya saba waiwaye da wuya, madubi ado ne a wajensa, wasu ma cire shi suke yi. Ya saba hawa hanyar masu tafiya a ƙasa, ya saba aron hannu har ya daina jin laifi ne. Sannan ga babbar. A kan babur totur a hannu yake, abin da ke ƙarƙashin ƙafar dama birki ne. Shekara biyar, shekara bakwai, duk sanda ya firgita ƙafar daman nan yake dannawa, tun kafin tunani ya zo. A mota kuwa, a kan totur wannan ƙafar take hutawa.

Ba a littafi na karanta wannan ba.

Ɗan ƙanwata ne. An ƙwace babur ɗinsa, ya dawo wajena yana zaman kashe wando, sai wani ɗan kasuwa a Alaba Rago ya ce yana neman direba, amma mai lasin, kuma ba zai jira da yawa ba. Na ɗauke shi fili Lahadi uku a tsohuwar motata. Ya iya tayarwa, ya iya canja giya, ya iya ribas tsakanin duwatsu biyu. Na ce ai jinin direbobi ne. Aka haɗa ni da wani mai sanin hanya, na biya, takardar makaranta ta fito da sunan yaron da sa hannun wani malami da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Lasin ya biyo baya.

Bai cika wata biyu a bakin aiki ba. Da yamma ne, an ɗan yi yayyafi, wata danfo ta tsaya cak a gabansa za ta ɗauki fasinja, yadda suka saba. Ya kauce dama ya danna ƙafa. Motar otomatik ce, ta yi tsalle ta hau gefen titi, ta haɗa wata mata mai sayar da burodi da bango. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙafarta ta karye wuri biyu. Mun biya asibiti, mun je mun ba da haƙuri, ta yafe, danginta ma mutanen kirki ne. Har yau da sanda take tafiya, kuma farantin da take ɗauka a ka yanzu 'yarta ce ke ɗauka, yarinyar da ya kamata a ce tana aji.

A ofishin 'yan sanda jami'in ya juya lasin ɗin gaba da baya, ya duba lambarsa, ya ce na gaske ne. Na yi shiru. Katin na gaske ne, abin da yake faɗa ne ƙarya. Mu uku muka taru muka yi ta: ni da na biya, dillalin da ya karɓa, da malamin da ya sa hannu. Yaron shi ne mai ƙaramin laifi a cikinmu, amma shi ya kwana a bayan kanta, kuma har yau ba ya iya bi ta titin.

Tsarin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta shimfiɗa a fili yake. Ba a ba sabon direba lasin sai ya bi ta makarantar da aka amince da ita, ya yi darasin awa 26, makaranta ta fitar masa da takardar shaida, 'yan VIO, jami'an duba motoci, su gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kafin lasin ya fito. Duk wannan dogon layi a kan kalmarku ya tsaya. Jami'in da ke ɗaukar hoto bai san ko yaron ya iya tashi a gangara ba. Alhajin da zai miƙa masa 'ya'yansa ya kai makaranta bai sani ba. Matar da ke tsallaka titi a Ketu ba ta sani ba. Ku kaɗai kuka sani, kuma ku kuka ce ya iya. In alƙali ya tambaye ka ko ka ga abu, ka ce ka gani alhali ba ka gani ba, kowa ya san sunan wannan. Shaidar zur ce, Manzon Allah (SAW) ya jera ta cikin manyan zunubai tare da shirka da saɓa wa iyaye, abokan aikinku Kirista ma suna da ita cikin dokoki goma. Ni ban ga abin da ya raba ta da danna "ya halarta" a kwamfuta sau 26 ga wanda yake can Mile 12 yana sauke tumatir ba. Hukumar ta sha dakatar da makarantu a kan irin wannan, amma ba ta da idon da zai zauna a kowace mota.

Masu halarta da gaske ɗin ma, me ake yi da awannin nasu? Na sha ganin ɗalibai huɗu a mota ɗaya, kowa ya riƙe sitiyari minti goma sha biyar, a rubuta masa awa guda. A zagaya fili, a sake zagayawa, a bi lungun da aka saba kullum da hantsi lokacin da titi ya yi sauƙi. Ɗalibi ya gama bai taɓa tuƙin dare ba, bai taɓa tuƙi cikin ruwa ba a garin da sama ke kwana tana zuba a Yuni da Yuli, bai taɓa hawa titin Ikorodu ya ga inda layin manyan bas-bas na BRT ya keɓe ba. Tayar da mota aikin kwana uku ne, ko ɗan shekara goma zai iya. Abin da ake biyan ku dominsa shi ne tsayar da ita, da hango abin da zai sa a tsaya.

Ku riƙa ba su lissafi, ya fi wa'azi zama a kai. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wato iyakar da aka yarda da ita a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, kai ya yanke shawara, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a birki, daƙiƙa guda ta wuce, ga wanda hankalinsa ke wurin ke nan. Tsawon danfo uku ya tafi birki bai soma aiki ba. In kuma aka ninka gudu, nisan da birki ke nema sau huɗu yake ninkuwa. Ku ja layi a fili, ku sa ɗalibi ya taka birki da ƙarfi yana kan 20, ya fito ya auna da ƙafarsa, ya sake yana kan 40, ya ga bambancin da idonsa. Da yawa suna karɓar lasin ba su taɓa taka birkin gaggawa ba, sai ranar da rai ke tsaye a gabansu. Ku nuna musu tazarar daƙiƙa biyu tsakaninsu da na gaba, a ninka in kwalta ta jiƙe. Ku durƙusa da su gindin taya su karanta lambobi huɗun nan, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, don kasuwa cike take da tayoyin tokumbo masu kyan fuska da suka tsufa tun a ƙasar da aka kwaso su.

Layin dogo kuwa, mu mutanen Agege a kansa muke kwana muke tashi. Da safiyar 9 ga Maris 2023 jirgin ƙasa ya kwashi motar ma'aikatan gwamnatin jiha a PWD da ke Ikeja, ya ja ta a kan layi, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Masu tsaron wurin sun ba da hannu a tsaya, direban ya ga kamar zai iya wucewa, kuma ba ɗan koyo ba ne. Irin wannan "zan iya wucewa" ɗabi'a ce da ake ɗauka tun a makon farko, daga bakin na kujerar gefe yana cewa shiga, shiga, a Legas ba a ba da hanya. Gaskiya ne matsoraci zai wuni a Oshodi bai motsa ba. Amma ƙarfin hali daban, rashin ta-ido daban. Sa sigina da wuri, ka haɗa ido da na bayanka, ka shiga in ya sassauta, shi ma tuƙin Legas ne, da shi na ci abinci shekara arba'in. Yanzu ga jirgin Red Line yana kai da komo tsakanin Agbado da Oyingbo tun Oktoban 2024. Duk wanda ya koyi tuƙi a yankin nan, a kai shi bakin layin dogo, ya tsaya, ya sauke gilashi ya saurara, kada ya hau sai ya ga wurin da zai sauka a ɗaya gefen.

Sai maganar harshe, wadda ba na jin ana yi. Da yawa daga yaranmu ba su yi nisa a boko ba. Wani ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami tsaf, amma Turancinsa na kasuwa ne, Yarbancinsa na ciniki. Malam ya zuba bayani da buroka mai gudu, ya ce ka gane, yaro ya ce "yes oga". Bai gane ba. Kunya ce, da tarbiyyar cewa ba a sa babba ya maimaita magana. Kada gyaɗa kai ya ruɗe ku, ku sa shi ya mayar muku da bakinsa ko ya nuna da hannu. Alamomin hanya ba sa neman Turanci: da'ira mai jan baki hani ce, mai kusurwa uku gargaɗi ce, shuɗiyar da'ira umarni ce, a shataletale kuma wanda ke tahowa ta hagunka shi ke da hanya. Minti goma da Hausa sun isa a dasa wannan. Makarantar da ke karɓar kuɗin 'yan Agege da Idi-Araba da Obalende ba ta da uzurin rasa tafinta ko ɗaya. Ga tsofaffin direbobi irina suna zaman benci, da fadar Sarkin Hausawa da limamanmu za su tattaro mu, da mun zauna a aji muna juya magana. Ni dai ko ba a biya ni ba zan zo.

Na san ba daɗi kuke ji ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta taɓa 1,000, mai makaranta yana ƙirga kowace lita yana cewa a rage zagaye. Albashin ba abin a zo a gani ba ne. Kuna wuni a rana, ranku a hannun wanda bai san hagunsa da damansa ba, wasunku ma a motar da ba ta da birki na biyu a ɓangarenku, sai hambirki da addu'a. Wannan kam ku daina yarda da shi. Na kuma san daga wajenmu matsin yake fara zuwa. Mu ne muke shigowa ofis mu rage murya mu ce, "Oga, nawa ne a yi shi ba sai ya zo ba?" In kun ƙi mu tafi makarantar gaba. In abu ya faru mu ce ƙaddara, a yi sadakar uku da ta bakwai a watse. Ƙaddara gaskiya ce, amma mai raƙumin nan na cikin hadisi cewa aka yi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ni na saki nawa, na kuma gaya muku inda ya je ya yi ɓarna. Duk da haka, a cikinmu mu uku mutum ɗaya ne ke riƙe da alƙalami.

Ku kuma iyayen gida na manyan motoci, ba ku da aji ba ku da harafin L, amma ku ke yaye masu jan kaya mafi nauyi a cikin jama'a. Na san yadda ake yi, ta nan na fito. Oga ya gaji da layin shiga tashar jiragen ruwa, sai ya miƙa wa yaro makulli ya ce matsa da ita in an motsa, shi ya je ya kwanta. Daga matsawa sai kai ta gareji, daga gareji sai hawa gada. Mun ga kwantenar da ta faɗo kan ƙaramar bas a Ojuelegba ranar 29 ga Janairun 2023 ta kashe mutum tara, har da yara. Mun ga tankar man da ta kama da wuta a gadar Otedola ranar 28 ga Yunin 2018, motoci sama da 50 suka ƙone. Ba yaran mota nake ɗora wa waɗannan ba, nauyin abin da kuke miƙa makullinsa nake nuna muku. Yaron da bai san a kulle ƙugiyoyi huɗun kwantena kafin a tashi ba, bai san a jira iskar birki ta cika ba, bai san da ƙaramar giya ake sauka gangara da kaya ba, bai san ko a babban titi 60 ce iyakarsa ba, bai isa riƙe makulli ba ko da gemunsa ya kai ƙirji. Kuma don Allah ku daina aiken su sayen ƙwaya da 'yan ledojin barasa na tasha. Wanda ya saba sayo maka ba ya daɗewa zai fara saya wa kansa.

Yaron nan na Pen Cinema bai gama darasinsa ba tukuna. Na zaunar da shi na ba shi labarin ɗan ƙanwata da mai burodi. Na kai shi Oko-Oba na roƙi wani direban motar shanu ya bar shi ya hau, na tsugunar da yaran unguwa a gaban bamba, ya duba ya duba ya ce babu kowa. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan bi shi makarantar. Zan gai da malaminsa da girmamawa, in roƙe shi ya bar ni in zauna a kujerar baya. Ba zan ce uffan a gaban ɗalibinsa ba. In mun dawo sai in ja shi gefe, in saya masa shayi, mu yi maganar wan-we ɗin nan ta ranar Lahadi.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon direba,
Agege, Legas.